Tsohuwar Hanyar Salaga da Zangunan da Ta Haifa a Ankara

Duk wanda ya zauna da dattawan Nima ko na Maamobi, a nan birnin Accra wanda mu mutanen zango muka saba kira Ankara, ya kuma yi haƙurin tambayar kowane ɗayansu daga ina kakansa ya taso, zai ji an ambaci Kano da Katsina da Sakkwato da Kabi, da ƙasar Zabarma da ta Mosi, da Barno da Ilori, har ya zaci babu abin da ya tara wannan jama'a wuri guda face alƙibla da harshen kasuwa. Amma idan ya ƙara tambaya ya ce, "To Baba, ta ina ya biyo?" sai ya tarar waɗansu 'yan garuruwa ne ke ta komowa a bakin da yawa daga cikinsu, wato Salaga da Yeji da Prang da Atebubu da Ejura da Kumasi. Garuruwan nan kuwa a jere suke bisa hanya guda, wadda a zamanin Turawa ita ce babbar hanyar arewa, wadda kuma a yau ta koma hanyar karkara, ta manoman doya da masunta da masu gawayi, alhali kuwa in da za a auna haƙƙin da kowace hanya ta ƙasar Ghana ke da shi a wuyan zangunanmu, da ba a sami wadda ta kama ƙafarta ba.

Ga yadda take a shimfiɗe. Matafiyi daga Ankara sai ya fara cin kimanin kilomita 250 zuwa Kumasi ta Nsawam da Nkawkaw, a kan hanyar da hukuma ta yi wa lamba N6, sa'an nan ya fita Kumasi ta wajen Tafo, ya fuskanci arewa maso gabas, ya ratsa Agona da Jamasi, inda hanya ke kama hawan dutse tana karkacewa hagu da dama har ta kai shi Mampong. Bayan Mampong kurmi yakan fara sirancewa, dogayen itatuwa su yi ta raguwa, gonakin koko su bar wa na masara da doya wuri, kafin kuwa a isa Ejura Bahaushe ya fara ganin sararin sama da irin ciyawar da ya sani a gida. Daga nan sai Amantin, sai Atebubu, sai Prang kusa da kogin Pru, sai Yeji, kimanin kilomita 230 daga Kumasi, inda hanya ke tuƙewa a bakin ruwa. A ƙetare akwai Makango, daga can tafiya kaɗan ce zuwa Salaga cikin ƙasar Gwanja, sa'an nan kimanin kilomita 120 zuwa Tamale. Jihohi huɗu ke nan take taɓawa, Ashanti da Bono ta Gabas da Savannah da jihar Arewa, biyu na tsakiyar nan ma sai a 2019 aka ƙirƙiro su.

Tun kafin wani ma'aunin ƙasa ya kafa sandarsa a nan, goro ya riga ya zana hanyar. Allah cikin hikimarsa ya sa itacen goro ba ya albarka sai a kurmi mai yawan ruwa da inuwa, irin na ƙasar Tonawa, wato Ashanti, ya kuma jefa ƙaunarsa a zukatan mutanen da ke zaune nesa da kurmi, waɗanda ba sa ɗaurin aure ko raɗin suna ko neman sulhu ko gaida malami sai da shi a hannu. Tsakanin mai itace da mai buƙata kuwa akwai tafiyar watanni. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Abdullahi Burja da ɗansa Yakubu, cikin ƙarni na 15, an san hanyar Gwanja ana kuma bin ta. Sai dai haɓakarta ta haƙiƙa ta zo ne a farkon ƙarni na 19, sa'ad da al'amura biyu suka haɗu. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara a 1804, ya kafa daula mai faɗi, mai yawan jama'a da dukiya, wadda shari'arta ta haramta giya ta bar goro halal. Ingila kuma a 1807 ta hana mutanenta cinikin bayi ta teku, har sarakunan Kumasi suka ga kasuwarsu ta bakin ruwa tana ja da baya, suka ƙara juyo da fuskarsu arewa. Salaga, wadda ke ƙarƙashin Sarkin Kpembe na Gwanja, Gwanja ta gabas kuwa tana bin Kumasi tun tsakiyar ƙarni na 18, ita ce ta zama mahaɗa.

Ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato ko Jega bayan ɗaukewar damina, da jakuna da alfadarai da takarkarai, da madugu mai ɗauke da amanar kowa, da jagaba a gaba da uban dawaki mai kula da sauka da tashi, da malamin ayari wanda ke duba ranar fita, ya ja salla, ya rubuta wasiƙu da lissafin bashi. Su ƙetare Kwara wajen Yawuri ko Ilo, su ratsa Bargu ta Nikki, inda 'yan fashi da masu karɓar kuɗin hanya ba sa barin kowa ya wuce salin-alin, su bi ta Jugu, waɗansu su zaga ta Sansanin Mango da Yandi, har bayan wata biyu ko uku su sauke kaya a Salaga. Abin da suka kawo shi ne kanwa da turkuɗi da saƙi da jan fata da takalma da gabu da dawaki. Waɗanda suka fi shahara da wannan fatauci kuwa su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. A Salaga kowane falke yana da maigidansa, wanda zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in ciniki ya rikice, shi kuma ya sami la'adarsa. Wannan tsari na maigida da baƙonsa shi ne ginshiƙin kowane zango da aka kafa daga baya, har wanda muke zaune a cikinsa.

Ya kamata a tsaya a dubi wahalar kayan da suka zo nema, domin wanda ya sayi goro ɗaya a bakin masallaci ba zai san ta ba. Goro abu ne mai rai, ba ya son rana, ba ya son iska, ba ya kuma son ruwa ya yi masa yawa. A kan shimfiɗa ganyen fita a cikin waga, a jera goro, a rufe shi da wani ganyen, a ɗaure tamau, sa'an nan a aza wa jaki biyu-biyu. Bayan 'yan kwanaki, in an sauka zango, maimakon falke ya miƙe ƙafa ya huta, sai ya kwance ɗaurin nan duka a inuwa, ya zauna yana juya goro ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa, yana duba wanda sankara ta kama ya fitar da shi tun bai shafi 'yan'uwansa ba, ya ware ja da fari, ya ware manya da ƙanana, ya sake ganyen da ya bushe, ya yayyafa ruwa daidai gwargwado, ya mayar ya ɗaure. Haka zai yi ta yi har Kano. Wanda ya yi sakaci mako guda yana iya buɗe wagarsa ya tarar da jarin shekara ya zama baƙin gari. Har yau in ka shiga wurin masu goro a zangon Kumasi ko a kasuwar Nima, ka ga dattijo ya buɗe huhu yana tsince da irin wannan natsuwa, to, aikin kakanninsa ne yake yi, bai canza ko kaɗan ba.

Rabin hanyar na kudu, daga Salaga zuwa Kumasi, a hannun Tonawa yake, ɗaya ce kuma daga cikin manyan hanyoyin da suka fita daga babban birninsu zuwa kowace kusurwa, da ma'aikatan sarki masu sharewa da masu tsaro da masu karɓar haraji. A wannan yanki kan mutum ne abin sufuri, saboda ƙudan tsando ba ya barin jaki ko doki ya daɗe a kurmi. 'Yan alaro ne ke ɗauko goron a ka, su hau dutsen Mampong, su bi ta Atebubu, su yi fito a Yeji. Sarakunan Kumasi sun fi son baƙin fatake su tsaya a Salaga kada su kai ga gindin itacen, domin riba ta tsaya a hannunsu, amma duk da haka akwai jama'ar Musulmi a fadarsu, masu rubuta musu wasiƙu da yi musu addu'a. Da Bature Bowdich ya je Kumasi a 1817, da Dupuis a 1820, wurin waɗannan malamai suka sami labarin garuruwan da ke tsakanin Kumasi da ƙasar Hausa, har aka rubuta wa Dupuis sunayen zanguna da Larabci. Ilmin ƙasa da Turawa suka fara samu game da cikin wannan yanki, daga alƙalamin Musulmin hanya ya fito.

Akwai wani kaya kuma da hanyar nan ta ɗauka, wanda bai halatta mai rubuta tarihi ya rufe ido a kansa ba. Salaga kasuwar bayi ce, babba kuwa. Dagomba da Gwanja suna biyan Kumasi gandu da mutane, su kuma suna kamo su daga ƙabilun da ba su da sarauta mai ƙarfi. A ƙarshen ƙarni na 19 kuma mayaƙan Zabarma, ƙarƙashin Gazari sa'an nan Babatu, suka yi shekaru suna kai hari ƙasar Gurunsi, suna kora abin da suka kamo zuwa kasuwanni, ciki har da Salaga. Attajiranmu sun saya, sun sayar, sun ɗora wa waɗansu kayan goro zuwa ƙasar Hausa, waɗansu kuma an gangara da su kudu. Rijiyoyin Salaga masu yawan gaske, waɗanda garin ya yi suna da su, suna nan ana nuna wa baƙi tare da filin kasuwar. A Nima ta yau jikan wanda ya saya da jikan wanda aka sayar suna sahu ɗaya a masallaci, suna aurar da 'ya'yansu ga juna, wannan kuwa ni'ima ce da ta cancanci godiya. Amma ina ganin godiyar ba ta cika sai an faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ba tare da an ɗora wa Turawa da Tonawa laifin duka an wanke namu ba.

Rushewar wannan tsari ta fara ne a watan Fabrairu na 1874, ran da rundunar Ingila ƙarƙashin Wolseley ta shiga Kumasi ta sa mata wuta. Da labari ya kai arewa, ƙasashen da ke bin Tonawa a kan tilas suka yi tawaye, mutanen Atebubu da na Krachi suka tare hanya, goro ya daina isa Salaga yadda ya saba, ciniki ya karkata yamma zuwa Kintampo. Garin Salaga ya yi ta ramewa shekara goma sha takwas, sa'an nan fitina ta cikin gida ta ƙarasa shi: gidaje uku ne ke karɓa-karɓar sarautar Kpembe, wato Lepo da Singbung da Kanyase, rigima ta tashi a kan gado, a ƙarshen 1892 Kabachewura Isifa na gidan Kanyase ya zo da taimakon Dagombawa da Nanumbawa ya kori Sarki Napo, aka washe Salaga. Baƙin da suka yi zuriya biyu ko uku a nan suka watse, kowa da abin da ya iya ɗauka, zuwa Kete-Krachi da Yeji da Atebubu da Kintampo, daga baya Kumasi da bakin teku. A 1899 kuma Ingila da Jamus suka raba ƙasar da a da suka yi alkawarin bari ba ta kowa ba, Salaga ta faɗa hannun Ingilishi, Yandi kuma hannun Jamusawa, aka sa iyaka a tsakiyar abin da ya kasance kasuwa ɗaya.

Cikin waɗanda wannan hijira ta shafa akwai Alhaji Umaru ɗan Abubakar, Allah ya jiƙansa, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabi, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato, ya biyo hanyar goro kamar mahaifinsa, ya zauna Salaga yana karantarwa. A can ya yi hulɗa da Bajamushen nan Krause, wanda mutanen gari ke kira Malam Musa, daga baya kuma da Mischlich a Kete-Krachi, inda ya koma ya zama limami har rasuwarsa a 1934. Ya bar ƙasidu da Larabci da Hausa, a kan zuwan Nasara, a kan talauci, da kuma wadda ya kira Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan a kan yaƙin Salaga. Abin da ya fi rubutunsa yaɗuwa shi ne almajiransa, domin sun bazu cikin zanguna daga Tamale har teku, kuma malamai da yawa na wannan ƙasa in suka jero salsalar karatunsu, a kansa take bi kafin ta koma Sakkwato. Littattafan fiƙihu da nahawu da tafsiri da ake karantawa a zaurukan Nima da Maamobi bayan sallar asuba, a cikin kayan fatake suka fara shigowa.

Ankara a lokacin nan tana da 'yan Musulminta tun da can: akwai sojan Hausa da Bature Glover ya kawo daga Ikko domin yaƙin 1874, akwai waɗanda suka komo daga Barazil, akwai 'yan kasuwa. A 1877 Turawa suka mayar da hedkwatarsu nan daga Cape Coast, a 1881 kuma Malam Idrisu Naino ya sami fili daga sarakunan Ga ya kafa Zangon Malam. Watsewar Salaga ce ta cika waɗannan unguwanni da mutane masu jari da sanin ciniki. Kasuwar da ke tsohon gari wadda har yau ake kira kasuwar Salaga shaida ce, haka kuma tarihin Alhaji Buraima, mutumin Ilori, wanda ya biyo ta Salaga ya zo Ankara ya zama babban attajirin goro da shugaban jama'a, ya rasu a 1915. Da wuri ya yi ƙunci, rigingimun limanci da shugabanci kuma suka yi yawa, Malam Baƙo ɗan Malam Naino ya fita da mutanensa ya kafa Sabon Zango wajen 1912.

A daidai wannan zamani goron kansa ya juya wa tsohuwar hanya baya. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, na Ikko ya isa Kano a 1912, jiragen ruwa kuma suna zirga-zirga tsakanin gaɓar nan da Ikko. Tafiyar da ke cin wata uku da jaki ta koma ta 'yan makonni, ba fashin Bargu, ba kuɗin fito a kowane kogi. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin Agalawa, wanda mahaifiyarsa ta zauna a nan Ankara, yana cikin na farkon da suka gane wannan, ya riƙa aika goro ta teku tun kafin ya koma Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Madugai suka ajiye sandunansu ɗaya bayan ɗaya.

Da hanyar ta mutu ke nan, ba don Turawa sun buƙace ta domin wata manufa tasu ba. Sun kafa mulki a kan ƙasashen arewa a 1901, sun mayar da hedkwatarsu daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, dole kuwa a sami abin da zai haɗa Tamale da Kumasi. Sai suka bi sawun 'yan alaro, suka faɗaɗa, suka cike fadamu, suka yi kwalbatoci, wajen 1920 mota ta iya zuwa Tamale. Da aikin tilas aka yi mafi yawan wannan, hukuma ta aza wa sarakuna adadin mutanen da za su kawo, talakawa suka bar gonakinsu suka zo da fartanya da kwando suna ɗiban tsakuwa a ka. Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, ya yi niyyar kai dogo arewa, amma ba a yi ba, har yau kuma ba a yi ba. A ganina wannan ne babban zaluncin da aka yi wa arewacin ƙasar nan, domin an bar shi ba masana'anta ba makarantu isassu, an ɗauke shi rumbun ƙwadago kawai, hanyar kuma ta zama bututun da ke zuƙo samarinsa zuwa gonakin koko da ramukan zinariya na Obuasi da Tarkwa da barikin soja da na 'yan sanda.

Saboda haka kayan da hanyar ta koma ɗauka, daga 1920 zuwa samun mulkin kai a 1957, mutane ne da shanu. Mosawa da Zabarmawa da Farafara da Dagombawa da Hausawa 'yan ci-rani suna gangarowa da rani, da yawansu a ƙasa saboda ba su da kuɗin mota, su yi aiki su koma kafin shuka, waɗansu kuma ba su koma ba. Garken shanu daga ƙasar Mosi da bakin Kwara suna biyowa a hankali, ana yi musu fito a Yeji, ana tsayawa da su a Prang, wadda ta zama gari na Hausawa da Fulani mai babbar kasuwar dabbobi, kafin a kai su mahautan Kumasi. A Yeji kowa ke haɗuwa, domin kogin Volta ba shi da gada a nan: manyan motoci su yi layi suna jiran jirgin fito, masu tuwo da masu shayi su kafa rumfuna, gishirin Ada da aka hauro da shi cikin kwale-kwale a sauke shi a ɗora wa masu zuwa arewa.

Nima 'yar wannan zamani ce. A 1931 Malam Amadu Futa, Bafillace malami mai harkar shanu, ya sami izinin zama a filin gidan Odoi Kwao na Osu, a bayan gari, inda dabbobi za su sami kiwo kafin a kai su kasuwa. Baƙi suka riƙa sauka wurinsa yana yanka musu fili, bisa tsohuwar al'adar nan ta maigida da baƙonsa. Girgizar ƙasa ta 1939 ta rushe gidaje da yawa a tsohon gari, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya cika Ankara da sojojin Ingila da na Amurka, masu buƙatar kuku da boyi da mai wanki da lebura da mai gadi, Nima kuwa tana kusa da barikoki da unguwannin Turawa. Gari ya cika ya tumbatsa zuwa Maamobi. Da yake a wajen iyakar hukumar birni aka fara gina shi, ba a fitar masa da tituna ko magudanan ruwa ba, abin da muke fama da shi har gobe duk ran da aka yi ruwa mai ƙarfi babban kwatan da ke tsakanin unguwannin biyu ya cika.

Abin da yaƙi da jirgin ƙasa ba su ƙarasa ba, ruwa ya ƙarasa. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta fara gina madatsar Akosombo a 1961, ruwa ya fara taruwa a 1964, aka buɗe ta a watan Janairu na 1966, aka sami tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500, wanda ya tashi mutane wajen 80,000 aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52. Tsohuwar Kete-Krachi ta nutse, tsohon mafitin Yeji ma haka, kogin da ake ganin mutum a ƙetarensa ya zama ruwa mai nisan kilomita da dama. Aka gina gadoji a Buipe da Yapei, aka mayar da babbar hanyar arewa ta bi Techiman da Kintampo, ita ce N10 ta yau, wadda manyan motocin Burkina Faso da Mali da Nijar ke bi daga tashar jiragen ruwa ta Tema, wadda kuma albasar Galmi ke gangarowa ta kanta. Ba na musun amfanin madatsar, da wutarta nake rubutu; amma Salaga, wadda ta saura da 'yar rayuwa saboda motocin Tamale, ta wayi gari a ƙarshen lungu, da ruwa a kudancinta da hanyar da ta daɗe cikin ramuka da jar ƙura a arewacinta.

Ba a jima da wannan ba sai ga dokar 18 ga Nuwamba 1969, wadda gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Zanguna ne suka fi jin ta. Mutanen da aka haifi iyayensu a Salaga ko Prang ko Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Dosso ba, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka hau motoci, waɗansu ta Aflao, waɗansu ta arewa. Tambayar da aka yi musu ran nan, wato daga ina kuka zo, ba ta mutu ba, tana tasowa duk lokacin rajistar zaɓe ko ta katin ɗan ƙasa, in jami'i ya ga suna ya ɗaga kai ya dubi mai shi. Amsar tana kan hanyar nan. Musulmin da suka rubuta wa Dupuis sunayen zanguna a Kumasi sun yi haka shekara 57 kafin Ankara ta zama babban birni, kuma littafin tarihin Gwanja da malaman ƙasar suka tsara da Larabci a tsakiyar ƙarni na 18 ya girmi mulkin Ingila a arewa da kimanin shekara 150.

Duk da haka hanyar ba ta daina ciyar da mu ba. Doyar Atebubu da masarar Ejura da wake da gawayi da busasshen kifin Yeji ta nan suke fitowa, kuma wanda ya fito kasuwar Nima ranar Laraba da sassafe, ya ga motoci sun toshe titi ana sauke buhuna, 'yan kaya suna kai da kawowa, mata suna kwance bakin buhu suna cusa hannu su ji ko hatsin ya bushe, to, wani kaso na abin da yake gani daga waɗancan garuruwa ya kwana yana tafiya. Kowace shekara kuma dubban 'yan Tijjaniyya daga Ankara da Kumasi da ƙasashen maƙwabta sukan ɗunguma zuwa Prang domin taron da Shehu Abdullahi Maikano, wanda ya rasu a 2005, ya assasa, a kwanakin taron hanyar takan cika kamar jiya. Amma wanda ke son wucewa Salaga sai ya zaɓi ɗayan biyu: ko ya jira jirgin fito a Yeji, wanda in ya lalace sai a koma ga kwale-kwalen inji masu ɗaukar fiye da ƙima, a ruwan da kututturan itatuwan da tafki ya shanye ke tsaye a ƙarƙashinsa, sun kuwa ci rayuka ba sau ɗaya ba, ko kuwa ya zaga ta Kintampo har Tamale, sa'an nan ya juyo kudu kilomita 120.

A 2017 majalisa ta kafa asusun raya zanguna da doka, akwai kuma 'yan majalisa da attajirai da malamai da suka fito daga cikinmu, masu faɗa a ji. Ina roƙonsu abu biyu. Na farko su sa baki a kan fiton Yeji da Makango, a sami jirage isassu masu lokaci sananne, a kuma riƙa kula da hanyar daga Makango har Tamale, domin mutanen can 'yan'uwanmu ne na jini, su ne waɗanda suka zauna sa'ad da kakanninmu suka taso. Na biyu ya fi sauƙi. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon, da taimakon Alhaji Usmanu Boyo na Kintampo, ta bi gidajen malamai ta tattara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami, ciki har da na Alhaji Umaru da labaran yaƙin Salaga da aka rubuta da Hausa. Daga Maamobi zuwa Legon mota ɗaya ce. Muna da matasa da suka yi karatu a Azhar da Madina da makarantun zaure, masu iya karanta wannan hannu. A ɗauki nauyin waɗansu daga cikinsu su je su kwafe, su fassara, a buga da boko da ajami, a sa a makarantun Islamiyya na Nima da Maamobi da Sabon Zango da Fadama, tun dattawan da za su iya warware sunayen mutane da na unguwannin da ke ciki suna raye.